Tarihin Maɓallai Biyu: Daga Garmaho Zuwa Wayar Hannu a Gwadangaji

Garmaho ba shi da maɓallin dakatawa. Wana shi ake yi da hannu, faifai ya shiga juyawa sau 78 a minti ɗaya, a ɗora allura, waƙa ta yi kamar minti uku ta ƙare. Wanda yake son shiru kafin nan sai ya ɗaga allurar ya ja birki, in zai ci gaba kuma ya lalubi inda ya tsaya da ido, kuma da wuya ya dace. Akwatin rediyo mai waya da Turawa suka kawo Kano a 1944 shi ma bai san komai ba sai kunnawa da kashewa. Da rediyon batir ya bazu, Sashen Hausa na BBC ya fara a 1957, Rediyon Kaduna ya biyo baya a 1962, dokar ba ta canja ba: wanda ya tashi ya ba baƙo ruwa ya dawo, abin da ya wuce ya wuce.

A ƙasar Gwandu da ta Kabi ma, yawancin mutane a wancan zamani daga bakin makaɗi suke jin waƙa: a ƙofar fadar Sarkin Gwandu a Birnin Kebbi, a fadar Sarkin Kabi a Argungu, a filin dambe da kokawa bayan kaka, ko a bakin Matan Fada lokacin bikin kamun kifi, wanda ake ƙirga tarihinsa daga ziyarar Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu a 1934. Ba wanda ya taɓa tunanin za a wayi gari ana muhawara a kan ko abin sauraron waƙa yana bukatar maɓalli ɗaya na yin shiru ko biyu. Yau ana yin ta. Manhajojin da ke cikin wayoyin mutanen Gwadangaji, da ke gefen Birnin Kebbi, mafi yawansu suna da alamar sanda biyu a tsaye, wato dakatawa, amma ɗan murabba'in nan na tsayarwa ya ɓace. Kafin a ce an yi daidai ko an yi kuskure, ya kamata a san inda maɓallan biyu suka fito.

Kaset ne ya kawo su gidajenmu. Kamfanin Philips na ƙasar Holan ya fito da shi a 1963, aikin wani injiniya mai suna Lou Ottens, wanda ya rasu a 2021, da abokan aikinsa. A Arewa sai a shekarun 1970 ya kama ƙasa sosai, lokacin kuɗin man fetur da ƙarin albashin Udoji, lokacin da alhazai ke dawowa daga Makka da rikoda a kafaɗa. Birnin Kebbi a wannan lokaci tana ƙarƙashin Sakkwato, Gwadangaji kuma gari ne na manoma a gefenta, ga fadamar Rima. Rikoda ƙirar National da Sharp da Sanyo suka shiga zauruka da teburan masu shayi. Kaset ɗin TDK ko Maxell mai lamba 60 yana ɗaukar minti 30 a kowace fuska, mai lamba 90 kuma minti 45. A cikinsu aka ji Narambaɗa da Ɗanƙwairo da Ɗan Anace da Shata, da Sani Aliyu Ɗandawo na Yawuri, da tafsirin Sheikh Abubakar Gumi da na Sheikh Ɗahiru Bauchi, da ƙira'ar Husari da Minshawi da Abdulbasiɗ.

Duk wanda ya taɓa cire murfin rikoda ya leƙa ya ga dalilin da ya sa maɓallan suka zama biyu. Zaren kaset yana tafiya ne santimita 4.76 a daƙiƙa, kuma abin da ke jan sa wani siririn ƙarfe ne mai juyawa da wata 'yar taya ta roba da ke matse zaren a jikinsa. Idan aka danna maɓallin kunnawa, kan da ke karanta sauti sai ya matso ya taɓa zaren, robar ta matse, injin ya tashi. Idan aka danna dakatawa, abu kaɗan ne ke faruwa: robar ta ɗan ja baya, zaren ya tsaya cak, amma injin yana nan yana juyi, kan yana nan manne da zare, lasifika tana ɗan huci. Komai a shirye yake, jira kawai ake yi. Tsayarwa kuwa sakin komai ne. Za ka ji ƙarar ƙwas, maɓallin kunnawa ya yi tsalle ya dawo sama, kai da roba su koma mazauninsu, wuta ta yanke. A rikoda da yawa maɓallin nan aiki biyu yake yi, danna farko ya tsayar, danna na biyu ya buɗe ƙofa kaset ya fito.

Bambancin nan kuɗi ne a garin da batir ake saye. Yaron da ya bar rikoda a dakace ya tafi aike, ya dawo ya tarar batir huɗu ko shida sun yi sanyi, ya san abin da zai ji daga bakin maigida. Saboda tsimin batir ɗin ne ma ake zura biro a ramin kaset a riƙa juya shi a iska don mayar da zare baya. Akwai kuma wata illa ta ɗaya ɓangaren, wadda masu gyara suka fi kowa sani. Idan aka ɗauke wuta rikoda tana cikin waƙa, aka bar maɓallin kunnawa a danne kwana da kwanaki, robar nan tana matse da ƙarfe har ta lotsa. Daga nan muryar mawaƙi sai ta riƙa rawa, ko rikoda ta fara cin zare. Shi ya sa mai gyara zai ce, "In an ɗauke wuta, ku tashe maɓallin ga."

To me ya sa aka yi dakatawa tun farko, tunda tsayarwa ta fi tsimi? Don masu ɗauka aka yi ta. Wanda ke son naɗar waƙa daga Rediyon Kaduna ko Rima Rediyo zai danna ɗauka da kunnawa tare, ya riƙe su da dakatawa, ya kasa kunne. Mai gabatarwa na rufe baki sai ya saki, zare ya tashi nan take da cikakken gudunsa, ba jan murya, ba ƙara. Da tsayarwa ya yi amfani, da kowace mahaɗa ta fito da ƙwas a cikin kaset. Masu shagon kwafi da rikoda mai baki biyu da wannan suke cin abinci, su jera waƙoƙin da mai saye ya zaɓa ɗaya bayan ɗaya ba tare da an ji ɗinki ba. In an gama a ɓalle ɗan haƙorin roba da ke saman kaset don kada wani ya ɗauki abu a kai, wanda kuma ya canja shawara daga baya sai ya cusa takarda a ramin.

Wurin da maɓallin dakatawa ya fi yin aikin alheri, a ganina, shi ne wasiƙar kaset. Kafin zuwan wayar hannu, iyalai da dama da ke da ɗan'uwa a Makka ko Ikko ko Kumasi murya suke aikawa. A taru a tsakar gida da dare, uba ya yi gaisuwa da bayanin damina da shinkafar fadama, a dakata, a miƙa wa uwa. Idan kuka ya ci ƙarfinta a dakata har ta share hawaye, a ci gaba. A kira yara ɗaya bayan ɗaya su gaida baba. Wanda ya karɓi kaset ɗin can zai ji magana ɗaya miƙaƙƙiya, bai san sau nawa aka jira ba. Sai an yi sallama da addu'a sannan a danna tsayarwa, a fito da kaset a rubuta suna a kai, a ba matafiyi.

Akwai wani abu game da kaset da aka fi mantawa, kuma shi ne ginshiƙin wannan tarihi. A kaset, tsayarwa ba ta ɓatar da wuri. Zare yana nan inda aka bar shi. Mai sauraron tafsiri zai iya tsayarwa yau, ya cire kaset ya sa a aljihu, ya kai shi rikodar maƙwabci bayan mako guda, malam ya ci gaba daga kalmar da ya tsaya. Walkman na farko da Sony ya fitar a 1979 ma bai damu da maɓallin dakatawa ba. Na'urar sauraro ce zalla, ba ta ɗauka, don haka tsayarwa ta wadatar.

Bidiyo ya ƙara fito da bambancin. An ƙirƙiri Jihar Kebbi a ranar 27 ga Agusta, 1991, Birnin Kebbi ta zama babban birni, sakatariyar jiha ta zauna a Gwadangaji, ma'aikata suka ƙaru, gidaje masu talabijin suka ƙaru. Shekarun nan ne kuma finafinan Hausa suka taso daga Kano, tun daga Turmin Danya a 1990, kaset ɗinsu na fitowa daga Ƙofar Wambai zuwa ko'ina. A na'urar bidiyo, idan aka dakatar da hoto, zaren yana naɗe a jikin wani ganga mai juyawa da sauri, yana gogar wuri ɗaya. Shi ya sa na'urar ke sakin zaren da kanta bayan kamar minti biyar. Masu ba da hayar kaset sun san fim ɗin da aka yawaita dakatarwa a wurin waƙa, don a nan hoto ke fara zane-zane.

Faifan sidi, wanda Sony da Philips suka fitar a 1982, shi ne ya sauya ma'anar tsayarwa. A nan dakatawa na nufin faifai yana ci gaba da juyawa, idon na'ura yana riƙe da wurin. Tsayarwa kuwa na nufin faifai ya daina juyi, na'ura ta manta komai, in an sake kunnawa a koma waƙar farko. A karon farko maɓallin murabba'i ya zama abin tsoro: hannun yaro ya kuskure ya taɓa shi, faifai ya koma farko, ɗaki ya ɗauki surutu. Da faifan bidiyo ya cika kasuwanninmu a shekarun 2000, masu ƙera na'urori sun riga sun gane matsalar. A na'urar DVD da yawa, danna tsayarwa sau ɗaya yana tsayar da faifai amma na'ura ta riƙe wurin, sai an danna sau biyu take mantawa. Daga nan iyakar da ke tsakanin maɓallan biyu ta fara dushewa.

Masu rubuta manhajar kwamfuta da farko kwaikwayon rikoda suka yi kawai. Winamp, wanda ya fito a 1997 lokacin da waƙoƙin MP3 ke bazuwa, ya jera maɓallan duka kamar yadda suke a gaban rikoda, har da na fito da kaset, alhali babu kaset. Amma a cikin kwamfuta babu roba da za ta lotsa, babu zare da zai goge. Waƙa lissafi ce a ajiye, dakatar da ita bai wuce na'ura ta riƙe lambar daƙiƙar da aka kai ba. A Oktoban 2001 kamfanin Apple ya fito da iPod da maɓalli ɗaya na kunnawa da dakatawa, babu murabba'i, wanda ke son kashewa ya danne wannan maɓallin ya ɗan jima. Wata biyu kafin nan, a Agustan 2001, wayar salula ta fara aiki a Nijeriya. Hanyoyin biyu daga baya suka haɗu a aljihu ɗaya.

A Gwadangaji da Birnin Kebbi da Argungu, ba ta iPod canjin ya zo ba. Ya zo ne ta wayar Nokia da wayoyin Sin masu ƙarar lasifika, sannan Tecno da itel, da ɗan memori da ake kai wa masu turi a cika shi da waƙoƙi da finafinai da wa'azi. Masu shagon kaset da yawa suka koma kan kwamfuta da tarin wayoyin caji. Wa'azin Sheikh Abubakar Giro Argungu, wanda ya rasu a 2023, ya ratsa dukan zamunan nan, daga kaset zuwa faifai zuwa memori zuwa WhatsApp. Ɗan kabu-kabu ya ɗaura 'yar lasifikar nan da ake kira MP a gaban babur, mai aikin shinkafa ya rataye tasa a bakin gona. Daga baya masu data suka koma YouTube da Audiomack da Boomplay, Spotify kuma ya shigo Nijeriya a 2021. A kusan dukansu sanda biyu ce kawai a fuska. Ko a ƙa'idar HTML5 da ake gina shafukan intanet da ita, an ba abin kunna sauti umarnin kunnawa da na dakatawa, ba a ba shi na tsayarwa ba.

Gaskiya ita ce, waɗanda suka cire murabba'in suna da hujja mai ƙarfi. Dakatawar wayar zamani ta gaji abubuwa biyu mafi kyau na tsayarwar kaset: tana riƙe wuri, kuma ba ta shan batir a-zo-a-gani. Dattijon da ke sauraron tafsirin sa'a biyu, ko uwar gida da ke bin littafin da ake karantawa kashi-kashi, ba abin da za su ƙi kamar maɓallin da zai mayar da su farko in yatsa ya zame. Fuskar waya kuma ƙarama ce, kowane maɓalli da aka ƙara wuri ne na kuskure, balle ga wanda bai yi boko ba, alamu yake bi. Ta wannan fuska an yi wa mai sauraro gata.

Amma akwai abu na uku da tsayarwar kaset ke yi wanda ba a gada ba. Rikodar da aka tsayar ba ta iya tashi da kanta. Maɓallin ƙarfe ne, sai yatsa ya danna shi. Wayar da aka dakatar kuwa a laɓe take. Manhajar tana nan a raye a bayan fage, alamarta tana kan fuskar waya ko a kulle take, tana jiran ishara daga ko'ina. Mutum ya shiga mota, waya ta haɗu da Bluetooth, waƙar jiya ta ɓarke a gaban surukinsa. Ya taɓa maɓallin abin kunne da kuskure, ta tashi. Ya gama amsa kira, ta ci gaba da kanta. Ya yi sujada, waya ta matsu a aljihu, sahu duka ya ji. Tun daga Android 11 da ya fito a 2020 ma, an tsara allon sauraro ya zauna a saman waya don a sami sauƙin komawa, wanda ba ya so sai ya shiga saiti ya ɓoye shi.

Wannan ba ƙaramin abu ba ne a garin da waya ɗaya ke ɗauke da ƙira'ar Alƙur'ani da waƙar biki a memori guda, kuma mai ita yana ratsa masallaci da gidan gaisuwar rasuwa da zauren malam da majalisar abokai duk a yini ɗaya. Idan ladan ya ɗaga murya, dattijo a teburin mai shayi ba ya cewa a dakata. Cewa yake, "Yaro, kashe abin ga, an kira salla." Abin da yake nema shi ne tabbacin cewa sautin ba zai dawo ba sai an sake neman sa da gangan. Sanda biyu ba ta ba da wannan tabbaci.

Malaman tajwidi sun daɗe da rarrabe wannan a karatun Alƙur'ani. Akwai saktu, ɗan shiru ba tare da numfashi ba. Akwai waƙafi, inda mai karatu ke yanke sauti ya numfasa da niyyar ci gaba. Akwai kuma ƙaɗ'u, wato ya gama karatu ya juya ga wani abu, kuma wannan sai a ƙarshen aya, in zai dawo kuma sai ya sake neman tsari daga Shaiɗan. A kunnen mai sauraro duka shiru ne, niyya ce ta raba su, kuma hukuncin abin da zai biyo baya ya dogara a kanta. Masu manhaja sun duba injin suka ga babu bambanci, shi ya sa suka haɗe maɓallan. Bambancin da ya rage a wajen mutum yake, kuma shi ba a tambaye shi ba.

Ko a wajen injin ma bai ɓace gaba ɗaya ba. A cikin tsarin Android, masu rubuta manhaja har yanzu suna da umarni biyu daban: wanda aka dakatar yana ci gaba nan take, wanda aka tsayar sai an sake shirya shi. Ƙa'idar Bluetooth da lasifika ke magana da waya ita ma ta tanadi duka biyun. Rediyon da ake saurare kai-tsaye ta intanet, kamar yadda ɗan Kebbi da ke Abuja ko Jidda ke bin tashoshin Hausa, manhajojinsa da yawa murabba'i suke nunawa, don shirin da ake yi yanzu ba ya jiran kowa, kuma yanke haɗin shi ke tsayar da tafiyar data. Bidiyon da aka dakatar a intanet yakan ɗan ƙara sauke na gaba kafin ya tsaya. Ga mai intanet na wata-wata wannan ba komai ba ne, ga mai sayen data ta kwana ɗaya lissafi ne. VLC, wanda masu turi da yawa ke gwada finafinai da shi a kwamfuta, bai taɓa cire murabba'insa ba.

Ra'ayina shi ne manhaja tana bukatar tsayarwa, amma ba irin ta sidi mai mayar da mutum farko ba. Irin ta kaset ake bukata: ta yi shiru, ta riƙe wurin da aka kai, ta saki lasifika da data, ta cire alamarta daga fuskar waya, kuma kada kowace ishara ta tashe ta sai mai ita ya buɗe manhajar da hannunsa. Ba dole sai ta zauna kusa da sanda biyu ba. Ana iya sa ta a danna mai tsawo, ko a gefe inda yatsa ba zai faɗa mata da kuskure ba. Wasu manhajojin sun riga sun yi rabin aikin da ɗan gicciyen rufewa ko agogon barci, sai dai kowace da inda ta ɓoye nata.

Kafin masu manhaja su daidaita, mutanen Gwadangaji sun ƙirƙiro nasu hanyoyin. Wani ya share manhajar daga jerin waɗanda ke buɗe, wani ya kashe Bluetooth kafin ya shiga mota, wani ya rage murya har ƙasa ya bar waƙa tana tafiya tana cin caji. Mai MP yana da ɗan makunni a gefe, ya tura shi komai ya mutu, shi ya sa dattawa da yawa suka fi yarda da ita a kan waya. A ƙofar masallatai kuwa sanarwar da ake liƙawa ko limami ke maimaitawa kafin kabbara ita ce a kashe waya baki ɗaya, ko da hakan na nufin mutum ya rasa kiran da yake jira daga kasuwa ko daga gona har a sallame.